Watandar da Maitama Ya Yi a Cikin Kwamfuta

A Ƙaura Namoda, can bayan tashar jirgi, akwai wani bawan Allah Maitama, wanda tun da ya yi wayo ba a taɓa kawo wani aiki gabansa ya ce bai iya ba. Ya yi aikin sito a reluwe har jirgin ya gaji ya rage zuwa, shi kuwa bai gaji da ba da labarin sito ba. In ka ce masa rediyonka ta mutu, sai ya ce ai a sito ya gyara wadda ta fi ta. Ta Ladidi maƙwabciyarsu da ya gyara, in an kunna sai dai ta yi tari.

Matarsa Mairama ita ke fama da fargabar wannan iyawa. Ta san alamar. Da zarar ya turo hula gaba ya ce, "Kawo in gani," sai ta fara kwashe duk abin da ke fashewa.

A lokacin ba a daɗe da yanke Zamfara daga Sakkwato ba, Shari'a ta kankama, kowane gari yana so a san da zamansa. 'Yan hatsin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi suna da ƙungiya guda, Maitama ne sakatare. Suka sayi kwamfuta, aka ajiye ta a ɗakin zauren gidansa, aka ce 'yarsa Nusaiba, wadda ta gama karatun kwamfuta, ta yi musu shafin intanet da zai riƙa nuna farashin gero da dawa da wake a kasuwannin uku. Ciyaman ɗin ƙungiyar, Alhaji Abbati, ya yi alkawari a gaban mutane: in shafin ya yi aiki ranar buɗewa, an ɗauki Nusaiba aiki a ofishin Ƙaura. In bai yi ba, sai ta tafi Kaduna, inda kawunta ya sama mata gurbi a wani shago. Mairama kuwa, tun rikicin da ta ji a rediyo, ko sunan Kaduna aka ambata sai ta nemi wurin zama. Ita dai burinta ɗaya: 'yarta ta yi aiki inda in ta ƙwala kira za ta ji.

Ana saura 'yan kwanaki buɗewa, Nusaiba ta jawo uwarta gaban kwamfutar.

"Inna, zo ki ga aikina. Kin ga wagga folda mai suna css? Tufafin shafin ke ciki, launi da tsari da girman hoto. Wagga kuma js, nan hannuwanshi suke, su ka motsawa in an danna. Ga ta hotuna. Ga ajiya, kwafin komai na, saboda tsautsayi."

"To, Allah ya tsare. Ni dai ban gane ba."

"Kamar ɗakinki na, Inna. Shafin ya san ƙofar kowace folda. In anka matsar da abu guda, zai je ƙofar ya tarar ba kowa, kuma ba ya tambayar maƙwabta. Tsaye zai yi."

Wannan kam Mairama ta gane, har ta ji tausayin shafin.

Washegari Nusaiba ta shirya zuwa Gusau karɓo takardar shaidar karatunta, don Ciyaman ya ce yana son ganinta da idonsa. Ta durƙusa gaban ubanta ta ce, "Baba, don Allah kar a taɓa kwamfutar sai na dawo. Komai na shirya."

"Ni za ki gaya ma ajiya? Ni da nar riƙe siton reluwe, ko ƙusa ba ta ɓace ba? Tahi abinki."

Ƙurar motarta ba ta kwanta ba sai ga Alhaji Muntari, wakilin Shinkafi, ya yi sallama. Mairama na tsakar gida tana tankaɗe, tagar ɗakin zauren kuma a buɗe, duk abin da aka faɗa a kunnenta.

"Sakatare, an ce aikin ya ƙare. In ga rabon Shinkafi."

"Rabon Shinkafi? Ai yana ciki, Alhaji. Duk ni nat tsara."

Maitama ya iya kunna kwamfutar, don da ita yake buga wasiƙun ƙungiya da yatsa biyu, ya kuma iya jan abu da ɓeran kwamfuta daga nan zuwa can. Ya kunna, ya buɗe foldar aikin. Alhaji Muntari ya sa tabarau ya duba sama, ya duba ƙasa.

"Ina Shinkafi?"

"Tana nan... a warwatse."

"Wanga si-es-es ɗin wane gari na? Je-es hwa, ƙauyen wa? Sakatare, ashe abin da Sakkwato tay yi muna shi za ku yi muna? Komai aljihun Ƙaura? To mi munka ci da sabuwar jiha?"

Mairama ta tsaya da tankaɗe. Sai ta ji ƙarar kujera, ta leƙa, ta ga hula ta dawo goshi.

"Kawo in gani. Alhaji, yarinya ta, ba ta san zaman jama'a ba. Turawa sunka koya mata tara abu wuri guda. Mu kuwa da munka yi watanda shekara da shekaru, mun san yadda aka raba sa ba a yi hwaɗa ba. Kashi ukku za a yi."

Wanda ya taɓa shiga watanda ya san ƙa'ida. An haɗu an sayi sa, an yanka, kowane kashi sai ya sami tsoka da ƙashi da kitse da kayan ciki, ba a tara wa mutum ɗaya hanta. Haka Maitama ya yi. Ya buɗe sababbin folda uku, ya shiga cikin css ya kwaso, wannan nan, wannan can. Ya shiga js ya yi haka. Ya raba hotuna, buhun gero gefe, buhun wake gefe. Hoton Ciyaman kaɗai ya bari inda yake, ya ce ba a jan babba da ɓera.

Mairama ta matso bakin taga ta rage murya. "Malam, yarinyar nan ta ce shafin ya san ƙohwa. In ya zo bai tarar ba, tsaye zai yi."

"To ya tambaya mana! Ni a sito in an canza ma kaya wuri, tsaye nika yi? Koma ga garinki."

Can sai aikin ya cije. A cikin js akwai wani fayil da lambar nauyinsa ta fi ta sauran duka a haɗe. Alhaji Muntari ya dangwala yatsa a kan gilashin.

"Wanga shi na tozo. Na Shinkafi na."

"Haba Alhaji, wa ka ba mutum guda tozo? Yanka shi aka yi."

Ya buɗe fayil ɗin, rubutu ya cika allo, ba gaba ba baya, ko wurin shan iska babu. Maitama ya auna da ido, ya shata sulusi ya yanke, ya zuba a sabon fayil. Ya sake shatawa ya yanke. Ya yi wa yankan suna tozo ɗaya, tozo biyu, tozo uku. Sauran fayilolin ma ya ce sunayensu ba mutunci, ya sake musu: wannan Alhaji Muntari, wannan Kasuwar Alhamis, wannan Tashar Jirgi.

Saura a san kashin kowa. A unguwarsu, in an gama kasa nama, akan sa wanda bai ga rabon ba ya juya baya, a nuna kashi a ce na wa, shi kuma ya faɗi suna, don kada a ce an yi son kai.

"Mairama! Juya baya ki hwaɗi. Wanga na wa?"

"Malam, ka cire ni cikin wanga al'amari."

"Ke, baƙo na jira. Na wa?"

Ta juya ta fuskanci turmi. "Zurmi."

"Wanga hwa?"

"Shinkafi. Allah na tuba."

"Madalla. Ga shi da bakinki kinka raba, kowa shaida na."

Da la'asar ta yafa mayafi ta shiga gidan Ladidi ta zayyana mata. Ladidi ta tafa hannu.

"Yanka? Cikin kwamfuta? To ke Innar Nusaiba, ba a aiko muna da namu ba? Ko ƙashin miya?"

"Ladidi, ina cikin tashin hankali kina ba'a."

"Wane ba'a? Ni da rediyona ka tari shekara biyu, na san hannun mijinki. Ki hwara daka ma yarinya yajin tahiya Kaduna."

Mairama ta dafe ƙirji. Babu waya a unguwar, ko da akwai ma ba ta san wa za ta kira ba. Sai ta sa mijin Ladidi ya kai saƙo tasha wurin direban Gusau da ya san gidan da Nusaiba ke sauka. Saƙon gajere ne: a ce mata babanta ya ce kawo in gani.

Labarin watanda bai kwana ba ya isa Zurmi. Da hantsi sai ga Malam Jafaru, wakilinsu, a kan babur, ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

"An yi rabo ba mu nan. To a buɗe in ga namu."

Aka buɗe. Malam Jafaru mutum ne mai awon hatsi, idonsa bai tsaya kan suna ba, kan lambar nauyi ya tsaya.

"Na Shinkafi ya hi namu nauyi."

"Ɗan kaɗan na, Malam. Ƙashi na yay yi musu yawa."

"Ƙashi ko tsoka, a cika muna mudu."

"Je ka yi sallar walaha ka dawo, za ka tarar an cika."

Yana fita, Maitama ya buɗe tozon Zurmi, ya sauka can ƙasa, ya ɗora yatsa a kan harafin z, ya danne. Mairama ta kawo masa fura ta tarar da shi a haka, yatsa a danne, yana kallon rufin ɗaki kamar mai jiran tulu ya cika.

"Malam, mi kaka yi?"

"Kiwo."

Da yatsan ya gaji ya ɗora kofin furar a kan harafin, ya miƙe ƙafa. Kafin Malam Jafaru ya dawo, Zurmi ta wuce Shinkafi, ta wuce Ƙaura, ta kusa haɗiye su. Malam Jafaru ya duba lamba ya yi murmushi, har ya fara sa albarka. Sai idonsa ya faɗa kan wata folda a gefe.

"Tsaya. Wagga hwa? Ajiya? Ajiyar wa?"

Maitama ya buɗe. Ga css cif, ga js cif, ga tozo guda ba a taɓa shi ba.

"La ilaha illallahu! Sa guda kaɓ ɓoye! Mu kana raba muna guntaye, Ƙaura ta ɓoye sa sukutum bayan ɗaki!"

"Malam Jafaru, rage murya. Gwada ku niy yi, in ga ko kuna lura."

"To mun lura. A zubar da shi gabana."

Daga tsakar gida Mairama ta manta da kunyar baƙo. "Malam! Ta ce saboda tsautsayi ta ajiye!"

"Ga tsautsayin nan ya zo, a kan babur," in ji Maitama, ya danna ya goge.

Malam Jafaru bai gamsu ba. Ya ce ya san halin mahauta, a kwando suke tura nama su rufe da ganye. Ya ga hoton kwandon shara a gefen allo, ya sa aka buɗe, ga ajiya kwance a ciki. Ya tsaya a kan Maitama har aka zazzage kwandon. Kwamfutar ta yi tambaya da Turanci, Maitama ya ce mata eh.

"Kullum haka nika yi da ita," ya ce. "Duk abin da tat tambaya, eh. Shi ya sa muka shiri."

Bayan baƙo ya tafi, Mairama ta tsaya bakin ƙofa tana murza gefen zane.

"Malam, ko za ka buɗe shahin ka gani in yana tahiya?"

"In buɗe kahin Ciyaman? To mi za a buɗe ranar buɗewa? Ke ba ki san tsarin taro ba. Abin da nat tsara ba ya son gwaji."

Ranar buɗewa ta zo, Nusaiba ba ta iso ba. Saƙo ya same ta, ta fito tun da sassafe, amma motar da aka ware wa mata ba ta tashi sai ta cika, kuma 'yan kabu-kabu an hana su ɗaukar mata. Tana zaune a tashar Gusau tana ƙirga kujeru, uwarta na Ƙaura tana leƙen hanya.

An yi taron a babban ɗakin ƙungiya da ke bakin kasuwa. Aka toshe tagogi da tabarmi don a sami duhu, aka aro majigi daga wata makaranta, aka tayar da janareta. Maza a gaba, mata a baya an gitta musu igiya. Mairama da Ladidi suna nan da bokitin zoɓo. Liman ya buɗe da addu'a. Maitama ya miƙe cikin babbar riga mai sitati, ya karɓi lasifika, ko da yake ɗakin bai kai a nemi lasifika ba.

"Jama'a, abin da za ku gani yau, ko Gusau ba su da shi. Yarinya ta yi iya ƙoƙarinta, Allah ya yi mata albarka, amma aikin yaro sai babba ya sa hannu. Na tarar da kaya a cakuɗe, na raba ma kowane gari haƙƙinshi. Wanda yaƙ ƙi ya yarda, bango zai gaya mai. Ciyaman, bisimilla."

Alhaji Abbati ya gyara zaman hula, ya kama ɓera kamar mai kama kunama, ya danna inda aka nuna masa.

Bango ya yi fari fat. Sai wani abu ya fara saukowa daga sama, launin ƙasa, mai ramuka biyu, ya cika bangon daga wannan kusurwa zuwa waccan. Hoton Ciyaman ne, shi kaɗai da aka bari a ƙofarsa. Da yake abin da ke rage masa girma ya tafi Shinkafi ko Zurmi, sai ya fito da girman da Allah ya yi shi.

Jama'a suka ƙura wa bango ido.

"Sakatare," in ji Ciyaman, "wanga wace kasuwa ta?"

Wani daga baya ya ce, "Hanci na, ranka ya daɗe."

"Hancin wa?"

"Naka na! Ga ƙurjin nan da yah hito maka da azumi!"

Dariya ta ɓarke. Ladidi ta zauna a kan murfin bokiti tana share hawaye. Mairama ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Maitama ya fizgi ɓera ya gangara ƙasa. Bayan hanci sai leɓe, bayan leɓe sai gemu, sannan rubutu ya biyo, baƙi da shuɗi, a tsaye a layi ɗaya gefen hagu kamar tururuwa. Ba launi, ba tsari. Inda ya kamata a ga buhun gero sai ɗan akwati da jan kuros a ciki.

Alhaji Muntari ya ce, "Ina koren launin da yarinya tan nuna muna a taron wancan wata?"

Maitama ko gezau. Ya juya wajen Liman. "Da gangan na, Allah gafarta Malam. Lokacin Shari'a muke. Na cire ƙawa da ƙyale-ƙyale."

Liman ya gyaɗa kai. "Madalla da rage ƙawa. Amma ni ban san inda anka ce a tuɓe ma abu tufafi gaban jama'a ba. To farashin gero hwa? Shi ma ƙawa na?"

"Yanzu kuwa. Ga maɓallin nan."

Ya danna inda aka rubuta a duba farashi. Shiru. Ya sake dannawa. Ya danna da ƙarfi. Ya ɗaga ɓeran ya hura masa iska a ciki ya buga shi a tebur.

"Wutar janareta ta yi rauni."

Mai janareta ya leƙo ta ƙofa. "Janareta lahiya lau, Sakatare. Hancin ma da ita yah hito."

Alhaji Muntari ya miƙe. "A bar wanga. A nuna ma mutanen Shinkafi kashinsu, su ga ban zo na zauna banza ba."

Maitama ya ji an zo inda ya fi ƙarfi. Ya buɗe foldar Shinkafi, ya buɗe tozo. Bango ya cika da baka da ɗigo da guntayen Turanci, farkonsa rabin kalma, ƙarshensa rabin kalma.

"Mi anka rubuta?"

"Yaren injiniyoyi na, Alhaji. Yabon Shinkafi na."

"A buɗe na Zurmi!" in ji Malam Jafaru. "Namu ya hi nauyi, kowa ya gani."

"Malam, lokaci ya..."

"A buɗe!"

Aka buɗe. Layi kaɗan na rubutu, daga nan sai z. Aka gangara, z. Aka sake gangarawa, z, sahu-sahu kamar an shuka ta da damina mai kyau. Mutanen Zurmi suka miƙe tsaye ɗaya bayan ɗaya.

"Harahi guda?" in ji Malam Jafaru. "Iska kah hura muna, kamar mahaucin da ka hura huhu ya ce tsoka ta?"

"Harahin Zurmi na, Malam. Girmamawa ta. Wane gari anka rubuta ma harahinshi haka?"

"Ashe sun hi mu da ƙarya!" in ji Alhaji Muntari. "Kuma an ce Ƙaura ta ɓoye sa guda!"

"Na sa an zubar!"

"Ka gani da idonka, ko shi ma z ta?"

Ana cikin haka, riguna na tashi, Liman na cewa a ji tsoron Allah, sai ga Nusaiba ta shigo da jakarta a kafaɗa, ko gida ba ta biya ba. Ta kalli bango. Ta nemi izini ta ratsa ta gefe har gaban kwamfutar, ta karɓi ɓera. Hayaniya ta lafa. Mairama ta riƙe igiya da hannu biyu.

"Baba, ina css?"

"An raba."

"Js?"

"An raba. Da bakin innarki."

"Babban fayil ɗin?"

"Tozo? Kashi ukku."

Ta rufe ido ta buɗe. "Ba komai. Akwai ajiya."

Sai Malam Jafaru ya gyara murya. "Ni nis sa anka zubar, 'yan nan. Har kwandon. Ba mu yarda da ɓoye-ɓoye."

Nusaiba ta saki ɓera ta zauna a ƙasa, nan kan siminti. Ciyaman ya tambaye ta ko zai gyaru yau. Ta ce a'a, sai an sake ɗinka tufafin daga farko, a sake haɗa hannuwan, a je Gusau a sauko da wani tozon daga intanet. Mairama ta ji kamar an riga an ɗora akwatin 'yarta a motar Kaduna.

Alhaji Muntari ya naɗe hannun riga. "To mu mun hita. Ƙungiyar da aka hura ma iska ba da mu ba. A zuba muna kashinmu a faifai, mu yi namu shahin a Shinkafi."

"Zurmi ma haka. A cire z a ba mu sauran."

Ciyaman, wanda har yanzu hannunsa ke kan hancinsa, ya ce, "Ku ɗauka. Wa zai haɗa muku? Sakatare?"

Duk ɗakin suka ce a'a da baki ɗaya, har da mai janareta.

"Ɗiyar nan za ta haɗa," in ji Alhaji Muntari. "Mun ga aikinta kahin a yanka shi. Shinkafi ta ɗauke ta."

"Zurmi ta riga ku."

Ciyaman ya ce, "Kai, ku tsaya! Ni nif fara yi mata alkawari. Ta Ƙaura ta."

Maitama, da ya lafe bayan majigi, ya ji an zo batun rabo, sai ya fito yana gyara riga. "Jama'a, wanga abu mai sauƙi na. Kashi ukku..."

Mairama ba ta san lokacin da ta tsallake igiya ba. Matar da ko a gidan biki ba a jin muryarta, sai ga ta tsakiyar maza, ludayin zoɓo a hannu.

"Wallahi ba a yi mani watandar ɗiya! Malam, in kas sake cewa kashi ukku, gidanmu za ni!"

Liman ya ce a yi haƙuri, a mayar da baiwar Allah bayan igiya, gaskiya gare ta, mutum ba sa ba ne. Aka zauna aka yi sulhu cikin natsuwa da mutunci, aka sha zoɓo. Da aka tashi, ba a raba Nusaiba ba. Makonta aka raba. Farkonsa Zurmi, tsakiyarsa Shinkafi saboda kasuwar Alhamis, Asabar da Lahadi ofishin Ciyaman tun safe har magariba. Ita kuwa ta ce ta yarda, da sharaɗin a sa wa kowace kwamfuta kalmar sirri, kuma kada a gaya wa kowane sakatare. Batun Kaduna ya mutu a nan.

Yanzu Mairama ba ta sauraron labarin Kaduna a rediyo. Labarin hanyar Shinkafi take tambaya, da ta Zurmi, da wace mota ce tayarta ta fashe, da ko gulbi ya kawo. Duk direban da ya ratsa unguwar ya san ta. Nusaiba na isowa gida ranar Alhamis da dare, ta wuni Juma'a tana barci kamar an jiƙa ta.

Maitama kuwa an sauke shi daga sakatare, amma a majalisar bakin tasha ba haka labarin yake ba. Wata Juma'a ya shigo gida yana taku ɗai-ɗai, ya tarar da Mairama zaune bakin ƙofar ɗakin da 'yarta ke barci, tana kore mata ƙuda da mafici.

"Ke dai ba ki da godiya," ya ce. "Aiki guda kinka roƙa ma yarinya, ni nis samo mata ukku. Kowa ya sami kashinshi, ba wanda anka zalunta."

"Gaskiya ta, Malam. Shinkafi ta sami tsoka, Zurmi ta sami kitse, Ciyaman ya sami hanta." Ta ci gaba da fifita. "Ni da nah haihe ta, ga nawa nan, minshari. Rage murya kar shi ma ka raba."